Jinin yaro da alƙalan waya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

 Yau na dakatar da darasinmu na ƙabli da ba'adi saboda wani abu da ya same ni daren Talata.

Bayan mun sallame Isha'i, wani saurayi cikin masu zama fada a bakin layinmu nan Sabon Gari ya tare ni ƙofar masallaci, ya miƙo mani wayarsa. Hoton gawar wani yaro ne, bai wuce shekara bakwai ba, kwance cikin ciyawa. Ƙarƙashinsa hoton wani mutum, an zagaye fuskarsa da jan layi, sai saƙonnin murya a jere sun fi goma. Na tsaya na saurari huɗu. Na farko ya ce ganin ƙarshe da aka yi ma yaron kusa da shagon mutumin ne. Na biyu ya ce a lura da takalmin yaron, ƙafa ɗaya ce a wurin, ke nan daga wani waje aka ɗauko shi. Ta uku mace ce, ta ce mutumin bai je gaisuwa ba, ga shi kuma kwanan nan ya sayi sabon babur, ai biri ya yi kama da mutum. Na huɗu bai kawo komai ba sai rantsuwa da Allah cewa shi ne, da umurni ga duk Musulmin da ya ji ya tura ma zaure goma. Na tambayi saurayin ina abin ya faru. Ya ce a zaurensu an ce hanyar Tibiri ne, a wayar abokinsa an ce Jiratawa, wani kuma ya ce ba ma ƙasar nan ba ne, wajen Jibiya ne. Tambayarsa ita ce: Malam, in na tura ina da lada?

Na ba shi amsa a taƙaice a daren, amma tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, kuma na san ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba.

Da farko, ban zargi zuciyar da ta tafasa ba. Wanda ya ga gawar yaro bai ji komai ba, shi ne ya kamata ya binciki imaninsa. Ya tabbata a hadisi cewa jini ne farkon abin da za a hukunta tsakanin mutane ranar Alƙiyama, balle jinin wanda ko alƙalami bai hau kansa ba. Abin da nake tsoro shi ne inda wannan zafi ke kai yatsunmu.

Ku tuna Hanifa Abubakar ta Kano, Allah Ya sa mai ceton iyayenta ce. Ba gidan da bai ji labarinta ba nan Maraɗi. Shekararta 5 aka sace ta ranar 4 ga Disamba 2021, tana dawowa daga Islamiyya. Fiye da kwana 40 hotonta na yawo a wayoyi, ba a san inda take ba. Yaɗa hoton nan don neman ta aikin alheri ne, ban ga laifinsa ba. Amma da gaskiya ta fito a Janairun 2022, wa aka samu? Abdulmalik Tanko, mai makarantar bokon da take zuwa, wanda iyayenta suka ba amana da hannunsu. An ruwaito cewa yana cikin waɗanda suka fara zuwa yi ma iyayen jaje. Da a ce an auna mutane da ma'aunin baiwar Allah nan ta saƙo na uku, wato wa ya je gaisuwa, wa bai je ba, da shi ne farkon wanda za a wanke. Jami'an tsaro suka kama shi ta hanyar kuɗin fansar da ya nema, Naira miliyan 6, bayan ya riga ya kashe ta da guba. Kuma duk da ya amsa laifinsa gaban ƴan jarida, duniya ta gani, da aka je kotu ya musanta kisan, alƙali bai ce ai kowa ya riga ya sani ba. Ya zauna ya saurari shaidu wata da watanni, sai ranar 28 ga Yuli 2022 Mai shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Kano ya yanke masa hukuncin kisa, shi da abokinsa Hashimu Isyaku. Su kuwa masu fushi, abin da suka iya shi ne cinna ma makarantar wuta da dare, wutar da ba ta ƙara ma shari'ar ko hujja ɗaya ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne ga wanda ya taɓa zama tafsirin Suratu Yusuf cikin azumi. Sau uku aka kawo abin da mu yau za mu kira hujja a wannan sura. An kawo ma Annabi Yaƙubu riga da jini, jinin kuwa na ƙarya ne. Masu tafsiri, cikinsu har da Ƙurɗubi wanda Bamalike ne, sun ambaci cewa ya lura rigar ba ta yage ba, wane irin kerkeci ne zai ci yaro ya bar rigarsa lafiya? Sannan aka zo kan rigar da ta yage ta baya a gidan Azizu, wannan alama ta faɗi gaskiya, ta wanke Yusufu. Sannan aka fitar da ma'aunin sarki daga cikin kayan Binyaminu a idon jama'a, alhali bai ɗauki komai ba. Cikin uku, ɗaya ce ta shiryar. Har hawaye ma an kawo: ƴan'uwan Yusufu sun zo ma mahaifinsu da dare suna kuka. An ce wata mata ta taɓa zuwa gaban Alƙali Shuraihu tana kuka, wani na gefensa ya ce da gani an zalunce ta, sai Shuraihu ya tuna masa da kukan ƴan'uwan Yusufu.

Don haka malamai ba su jefar da alamu ba. Suna kiran su ƙarina, kuma alƙali na aiki da su. Amma alƙali ne, wanda mai ƙara da wanda ake ƙara ke zaune gabansa, yana iya kiran shaida ya tambaye shi ina kake tsaye, da wane lokaci, me ke tsakaninka da wannan mutum, akwai bashi, akwai rigimar gona, akwai neman aure? Kai da kake kwance kan tabarma da waya a hannu, wa ka tambaya? Ba ka san muryar wa kake ji ba. Ba ka san ko hoton na bana ne ko na shekara biyar da ta wuce ba. Takalmi ƙafa ɗaya yana iya nufin an ɗauko gawar daga wani waje, yana iya nufin ya faɗi wurin gudu, yana iya nufin wanda ya fara isowa ya shure shi bai sani ba. Mutumin da bai je gaisuwa ba ƙila yana Konni wajen sari, ƙila yana kwance da zazzaɓi. Sabon babur kuwa, mutum nawa a layinku suka sayi sabo bana bayan an sayar da wake?

Akwai ƙissar da nake so kowane mai waya ya riƙe, domin ita ce ainihin mas'alarmu: kisan da ba a san wanda ya yi ba, a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Imamu Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun kawo. Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa sun tafi Haibara lokacin ana zaman sulhu, suka rabu cikin gari, sai aka tsinci Abdullahi an kashe shi an jefar. Garin na Yahudawa ne, ga tsohuwar gaba tsakani. In akwai inda zato zai yi ƙarfi, to nan ne. Danginsa suka zo Madina su uku, ƙaraminsu ya fara magana, Annabi ya ce a bar babba ya fara. Ku duba, ko a maganar jini ba a zubar da ladabi ba. Da suka gama, ya tambaye su ko za su yi rantsuwa hamsin su cancanci jinin ɗan'uwansu. Suka ce ta yaya za su rantse kan abin da ba su halarta ba, ba su gani ba? Jininsu ne aka zubar, zukatansu cike da zargi, ga dama an miƙa masu, amma suka ƙi ɗora sunan Allah kan abin da idonsu bai gani ba. Aka ce to waɗanda ake tuhuma su rantse hamsin su kuɓuta, dangin ba su yarda da rantsuwarsu ba. Ƙarshenta Annabi ya biya diyya daga wajensa, raƙuma 100, don kada jinin ya tafi banza, kuma ba a kashe kowa ba. Mai ruwayar har yana tuna wata jar taguwa cikinsu da ta harbe shi da ƙafa.

Yanzu ku ajiye waɗannan sahabbai gefe guda, ku ajiye mai saƙo na huɗu gefe guda, wanda ba danginsa ba ne, bai ma san garin ba, amma ya rantse da Allah.

Wannan rantsuwa hamsin ita ake kira ƙasama, kuma duk wanda ya kai babin jini da haddi a Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya karanta ta. A can aka koya mana cewa ba a kashe rai saboda rai sai da shaidu adilai, ko iƙirari, ko ƙasama in sharuɗɗanta sun cika. Ita kanta ƙasamar ba a buɗe ƙofarta sai da tuhuma mai ƙarfi da ake kira lausu, kamar mamaci ya ambaci wanda ya kashe shi kafin ransa ya fita, ko a samu adali ɗaya da ya ga kisan. Sannan ga wurin da na fi so ku lura: a mazhabarmu, samun gawa a unguwar wasu mutane ba ya wajabta ƙasama a kansu. Dalili a fili yake, mai kisa ba ya son barin gawa ƙofar gidansa, ƙofar wani yake kai ta. Abin da malamanmu suka ƙi karɓa a matsayin mabuɗin rantsuwa ma, shi muke yanke hukunci da shi a waya: kusa da shagon wane aka gan shi.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an sha faɗa mani. Malam, hukuma ce ba ta motsi sai an yi ihu; in mai kuɗi ne ya yi, shiru za ka ji; ruwa ba ya tsami banza. Ba zan ce maku ba a taɓa danne magana ba, ni ma a ƙasar nan nake zaune. Kuma ihun jama'a yana da amfani. Ku je da dattawa wajen mai unguwa, ku je komisariya ko wajen jandarma ku tambayi inda bincike ya tsaya, ku koma mako mai zuwa ku sake tambaya, ku yi magana a rediyo, ku rubuta a wayoyinku cewa an kashe yaro kuma muna jiran hukuma. Duk wannan umurni ne da kyakkyawa, kuna da lada. Inda aka ƙetare iyaka shi ne lokacin da "a bincika" ta koma "wane ne". Jinkirin hukuma ba ya naɗa ka alƙali, kamar yadda lattin liman ba ya halatta ma marar alwala shiga gaba.

Masu sauraron rediyon Faransa cikinku ƙila sun taɓa jin sunan ƙaramin yaro Grégory Villemin. Shekararsa 4 aka tsinci gawarsa cikin kogin Vologne a gabashin Faransa, an ɗaure hannuwa da ƙafafu, ranar 16 ga Oktoba 1984. Babu intanet a lokacin, jaridu ne da bakunan mutane suka yi aikin da wayoyinmu ke yi yau. Aka kama wani ɗan'uwan mahaifin, Bernard Laroche, aka sake shi bayan ƴan watanni. Mahaifin, wanda baƙin ciki da maganganu suka cika ma kunne, ya ɗauki bindiga ya harbe shi ranar 29 ga Maris 1985. Daga nan zargi ya juya kan uwar yaron kanta, saboda wasu masana sun ce rubutun hannunta ya yi kama da na wasiƙun barazana da ake aiko ma gidan. Sai 1993 kotu ta wanke ta sarai. Shekara 40 ke nan da ɗoriya, a ƙasar da ke da kayan bincike iri-iri, ba a hukunta kowa kan kisan yaron ba. Abin da surutu ya haifar shi ne gawa ta biyu, da uba a kurkuku, da uwa da ta yi shekara takwas ana nuna ta da yatsa kan jinin ɗanta.

Kuma kada ku ɗauka kullum mu ne masu nuna yatsa. Ranar 29 ga Yuli 2024 an kashe ƴan mata ƙanana uku da wuƙa a garin Southport na Ingila. Kafin hukuma ta fitar da suna, masu waya sun riga sun gama bincikensu: suka ƙago wani suna mai kama da na Larabawa, suka ce Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta jirgin ruwa. Washegari gungun mutane suka far ma masallacin garin da duwatsu, tarzoma ta bazu garuruwa. Ashe haifaffen ƙasar ne, sunan da aka yaɗa kuma ƙage ne. A kusa da mu, a watan Maris 2025, an tare mafarauta ƴan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Duk mun la'anci waɗanda suka yi haka, mun ce ina hujjarsu? Su ma a ganinsu biri ya yi kama da mutum.

Zan faɗa maku wani abu game da kaina, ko da ba daɗin faɗa. Shekaru da dama da suka wuce, tun wayoyin nan ba su yi yawa ba, wani yaro ya ɓata a unguwar da nake limanci a lokacin. Akwai wani baƙo ɗan ga-ruwa da ke salla sahun farko kusa da ladan, ba shi da kowa a garin, ba ya yawan magana. Kafin kwana biyu sunansa ya cika bakuna, wai an ga yaron na bin kurarsa. Ban ce shi ne ba. Amma da aka faɗa gabana ban tsawatar ba, na ce dai Allah Ya tona asiri, kuma da ya miƙo mani hannu bayan Asuba na ba shi a sanyaye, ya ji a jikinsa. Rana ta uku aka samu yaron cikin wani tafki da ruwan damina ya cika, ya tafi wanka da tsaransa, su kuma tsoron duka ya hana su faɗa. Shi bawan Allah ya riga ya kwashe garewaninsa ya bar gari cikin dare. Na nemi inda ya nufa ban samu ba. Har yau ina sa shi a addu'a, kuma ban sani ba ko ya yafe. In shirun liman ya kai haka, ina ga wanda ya tura hoton mutum ga mutum dubu?

Suratun Nur ta siffanta yadda ƙazafin da aka yi ma Nana A'isha ya yaɗu, cewa harsuna ne ke karɓar maganar daga harsuna, kamar ba ta bi ta kunne da hankali ba, masu yi suna ɗaukar ta abu mai sauƙi alhali babba ce wurin Allah. Cikin waɗanda aka yi ma haddi a kanta akwai sahabbai na gari, waɗanda ba su ƙirƙira ba, maimaitawa kawai suka yi. Saboda haka "yadda na samu haka na tura" ba uzuri ba ne. Aya ta 6 da ta 12 a Hujurat, da ta 36 a Isra'i, kowa ya buɗe ya karanta da tafsirinsu kafin ya kwanta yau.

To me ke wuyanka? In ka ga wani abu da idonka, ko yaron ya faɗa maka wata magana kafin ya ɓata, ko ka ga wanda ya ɗauke shi a babur, wannan shaida ce, kuma ɓoye ta zunubin zuciya ne kamar yadda ƙarshen Baƙara ya nuna. Farilla ne ka kai ta, amma wurin masu bincike za ka kai, ko ka kira 17, kuma ka tsaya iyakar abin da ka gani. In tsoro kake ji, zo ka same ni ko mai unguwa mu raka ka. Zuba ta a zaure ɓata ta ne. Mai laifin shi ma yana da waya, ƙila yana cikin zauren, yana karanta abin da aka gano da wanda ba a gano ba, yana gyara zancensa. Sauran shaidu kuma in sun sha jin labari ɗaya sau ashirin, abin da suka gani da abin da suka ji sai su cakuɗe, ranar da aka kira su gaban alƙali ba su iya rabewa.

Hoton gawa kuwa, ku ji tsoron Allah. Mamaci na da hakkin sutura, shi ya sa muke kewaye wurin wanka, muke zaɓar amintacce ya yi. Uwar yaron nan tana da waya, ko ƴarta na da ita. Masu kula da zauruka, ku kuka buɗe ƙofa kuka tara mutane. Wanda ya ga an sa sunan mutum ko hotonsa kan zargin jini, yana da ikon gogewa bai goge ba, yana da kaso. Ku kuma sani dokar ƙasa ta 2019 kan laifukan intanet ta haramta ɓata suna ta waya, kuma tun Yunin 2024 an maido hukuncin ɗauri a kanta. Sanarwar cigiyar yaro dabam ce, ku yaɗa ta, amma da suna da rana da unguwa, kuma in an same shi ku koma ku sanar, kada hoton ya yi ta yawo shekaru ana ɗora masa sabbin labarai.

Wanda kuma ya riga ya tura irin saƙon daren Talata, istigfari kaɗai bai wadatar ba, domin hakkin bawa ne. Ya koma kowane zauren da ya tura, da muryarsa kamar yadda ya tura da hannunsa, ya ce ba ni da ilimin abin nan, na janye, kada a ɗauka daga gare ni. In ya san mutumin kuma zuwa wurinsa ba zai tada wata fitina ba, ya je ya nemi yafiya. Saurayin nan ya yi nasa a gabana kafin mu rabu, zaure uku ya riga ya tura ma tun kafin ya tambaye ni, kuma na ga yadda ta yi masa nauyi.

Ranar Asabar bayan Magariba, in Allah Ya kai mu, za mu karanta babin jini da haddi na Risala a masallaci, daga farkonsa zuwa ƙarshen ƙasama. Mai littafi ya zo da shi, samarin fada kuma ina gayyatar ku musamman. Ƙabli da ba'adi sai mako na sama.